Wa ke cin naman da ke tukunyar gidanka? Wasika daga Agege

Malam Edita, assalamu alaikum.

Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya jama'a. Ni dan kasuwa ne, harkar kayan gwari nakeyi a Mile 12, gidana kuma Agege, bana shekarata goma sha hudu a Legas. Ni ba marubuci bane, a waya nake buga wannan ina zaune kan kwandon tumatir kafin mota ta iso, saboda haka in anga kuskure a gyara min dan Allah kar a jefar da wasikar.

Abinda yasa na rubuto shine labaran tamowa da kuke ta kawowa daga gida. Tun lokacin da likitocin kungiyar agaji ta kasa da kasa, MSF, suka ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinsu na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025 maganar bata fita raina ba. A majalisarmu kowa gwamnati yake zagi, wani yace 'yan bindiga ne suka hana noma, wani yace tsadar taki, kuma duk gaskiya ne ban musa ko daya ba. Amma akwai wani bangare da mu maza bama son a taba, ni kuma ya faru a dakina, mai daki kuwa shi yasan inda yake masa yoyo.

Matata tana da ciki na uku, wata bakwai, ta yanke jiki ta fadi a bakin famfo tana jiran layin ruwa. Ina kasuwa makwabciyarmu Bayarabiya da muke kira Iya ta bugo min waya tana ihu, kafin in keto cunkoson Ketu in iso har sun kaita asibiti. Nas din, wata dattijuwa ce mai tabarau, ta ja fatar idonta kasa ta nuna min, wallahi fari fat kamar takarda, tafin hannunta ma haka. Akace jininta yayi kasa sosai sai an kara mata leda biyu. Ina ta kai da kawo wajen neman kudi sai matar nan ta tsayar dani tace Alhaji, jiya me matarka taci? Nace tuwo. Tace da me? Nace miyar kuka. Tace da nama? Nace kwarai kuwa akwai nama, da karfina na fada saboda ni naci. Ta juya ta kalli matata, ita kuma ta sunkuyar da kai bata ce komai ba.

Sai bayan mun dawo gida na matsa mata sannan ta fada min. Yanka uku ne a tukunyar, biyu a kwanona, daya ta yayyaga wa yara. Ita romo ta samu da kanzon tukunya. Da safe koko ba kosai, da rana garin kwaki da dan suga. Kuma ba ranar kadai ba, haka ake yi tun da na kawota Legas, shekara shida ina cin abinci a gidan nan ban taba leka kwanonta ba ko sau daya.

A daren na zauna nayi lissafin abinda ni nake ci a rana, kuma ina rokon duk magidancin da ke karanta wannan yayi nashi tsakaninsa da Allah. Asuba in na iso kasuwa, wajen mai shayi, shayi hadin kauri da biredi da kwai biyu, wani lokacin da Indomie. Azahar shinkafa da wake da kifi wajen mai abinci. La'asar lemon kwalba ko fura da nono in an samu. Da daddare a majalisa a hada kudi a sayo tsire ko balangu, sannan in shigo gida a ajiye min kwano mafi kyau in share. Da na hada kudin sai naga abinda nake kashewa a bakina ni kadai a waje yafi kudin cefanen da nake bar wa mutum hudu. Kuma abin kunyar, ni da hannuna nake sauke karas da kabeji da tattasai da tumatir daga mota kullum, gidana kuwa sai a yi sati ba'a ga danyen ganye ba sai busasshiyar kuka da kubewa.

Ban taba ce mata ki bani naman ke ki zauna haka ba. Ba wanda ya bada wannan oda, kuma nan ne abin yake da wuyar magani. Haka ta taso taga mahaifiyarta nayi, kwanon maigida ake fara zubawa, sai na baki in akwai, sai samarin gida, sai yara, mai girkin ita ce karshe. In ta dauki tsoka ta kai baki ace kwadayayya ce bata da kawaici. In tace bata koshi ba ace ta tona asirin miji. Mace ta kwana da yunwa ta tashi da murmushi sai muce ai wance akwai hakuri, mu yaba mata, yabon ma shine ladanta.

To amma jiki bai san kawaici ba. Nas din nan ce ta fara yi min bayani, daga baya na kara tambaya. Sinadarin ayon (iron, wato sinadarin karfe) da jiki ke hada jini da shi, namiji baligi miligiram 8 yake bukata a rana, mace da ke al'ada 18 saboda tana zubar da jini duk wata, mai ciki kuwa 27. Kaga ni mai bukatar 8 ni ke cin hanta da tsoka da kwai, mai bukatar 27 tana sid'e cokali. Binciken lafiya na kasa da akayi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin dari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da karancin jini, kananan yara kuma kashi 68. Yara 'yan kasa da shekara biyar da suka tsumbure kashi 37 ne a kasa baki daya, a arewa maso yamma inda yawancinmu muka fito kashi 57, wato fiye da rabi. Kuma mace mai karancin jini in ta zo haihuwa jini ya balle mata ko kadan ne bata da ajiyar da zata jure, sai kaji ance wance ta rasu wajen haihuwa kwana ya kare. Kwana yana karewa kam, Allah ne mai rayawa da kashewa, amma ai an ce mu daure rakumi sannan muyi tawakkali.

Akwai kuma abinda likitoci ke kira kwana dubu na farko, daga ranar da ciki ya shiga har yaro ya cika shekara biyu. A nan ake gina kwakwalwa da kashi, abinda yaro ya rasa a wannan tsakanin da wuya a maido shi ko daga baya ka cika shi da kaji. Yarinyar da ta tsumbure ta girma karama, a aurar da ita tun jikinta bai gama girma ba, ita na bukatar abinci dan cikinta na bukata, ta haifi dan mitsitsin jariri, in mace ce a sake zagayowa. Mu kuma muce ai su dangin wane dama kanana ne. Wani gadon ba na jini bane, na kwano ne.

Kar wani yace ban san talauci ba. Na sani, a cikinsa nake. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur kudin dakon kaya daga Kano ko Jos zuwa nan ya haukace, a tsakiyar 2024 hukumar kididdiga da kanta tace tsadar abinci ta haura kashi 40. Kafin nan ma a watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a kananan hukumomi shida har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya ta kara wasu, yaranmu da yawa da suke ciyar da gida biyu da babur daya suka koma dako ko tura ruwa ko gadi. Kuma zaman Legas ba irin na gida bane. A kauyenmu zogale a jikin danga yake, ga rama ga yakuwa a bayan daki, ga 'yar kaza tana kwai, ga akuya. A nan daki daya ne a gidan haya mai mutum hamsin, bandaki daya, kudin haya na shekara a dunkule, ruwa saye, gas saye, ko yakuwa ta naira dari sai ka saya. Mutumin da ya wuni yana dako ya samo abinda bai kai mudun shinkafa ba bazan tsaya gabansa ina masa wa'azin hanta ba.

Sai dai ko dan kadan din ne, waye yake fara ci? Gidan da ake da kwai daya tak, bakin wa yake shiga? Wannan ba Abuja ce ke yanke shi ba, mu ne. Kuma na lura in abu yayi tsanani mace ce ke fara rage cinta, ba tare da ta fada wa kowa ba, ta koma sau biyu, ta koma sau daya, maigida ma baya sani saboda kwanonsa bai canza ba.

'Yan ci-rani da suka bar iyali a gida nasu yafi ban tausayi. Mutum yana nan Alaba Rago ko mayankar Oko-Oba yana fama, duk wata ya tura kudi ta POS, amma ba hannun matar yake shiga ba, hannun wansa ko mahaifiyarsa, makullin rumbu ma yana can. Matar tana goyo ko tana da ciki sai abinda aka auno mata, kuma ita suruka ce bata isa ta bude baki ba. Shi yana nan yana ganin ya sauke nauyi. Na san mutane a rumfarmu da sai da aka kira su akace yaro yana gadon asibiti kafa ta kumbura gashi ya yi ja sannan suka san akwai matsala.

Sai maganar camfi, wadda ni kaina nayi rigima a kanta da mahaifiyata, Allah ya kara mata lafiya, da tazo zaman jego. Wai kar a ba yaro kwai zai yi sata, wannan har Yarabawa suna fada. Wai mai ciki in tana cin kwai da shan kwayoyin da ake bayarwa wajen awo dan zai yi kato ta kasa haihuwa, shi yasa matata take karbo kwayoyin karin jinin ta zuba a kasan akwati, da na bude na tarar da na wata uku ba'a taba ba, tace kuma suna sa ta tashin zuciya da bakin bayan gida, wanda ashe bakin ba komai bane haka maganin yake yi. Da aka haihu Hajiya tace a matse dakashi a zubar wai dattin nono ne, alhali shine rigakafin farko na jariri, likitoci cewa suke a sa shi a nono cikin awa daya da haihuwa. Tace a bashi ruwa, wannan zafin na Legas ai sai ya kashe shi da kishi. Nace Hajiya ance wata shida nono zalla, nonon kansa yawancinsa ruwa ne, kuma ke kin san ruwan da muke saye a jarka ba wanda yasan daga inda aka debo shi. Tace mu da muka raine ku da ruwan kun mutu ne? Na rasa amsa dan bana iya ce mata ai cikin mu goma da ta haifa hudu basu kai yaye ba. Shiru nayi. A binciken 2018 din nan kashi 29 ne kacal na jarirai 'yan kasa da wata shida ake ba nono zalla.

Kunun kanwa da wankan jego ma mun taba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, kaga mace ta kumbura tana haki ace iska ce ko sanyi ya shige ta. A nan dai mun yi sulhu, ruwa mai dumi ba tafasasshe ba, kunun gyada a maimakon na kanwa. Amma fa al'adar jego tana da abu mai kyau da ya kamata mu rike, kwana arba'in din nan ne kadai a rayuwar mace ake gasa mata nama ace ci, a dafa mata kauri, a hana ta aiki. Tambayata itace me yasa sai ta haihu, wata taran da take gina mutum a cikinta fa?

Zaman Legas ya nuna min wani abu. Iya makwabciyarmu tana sayar da kayan koli a bakin titi, kudinta a daure a zaninta, in taga kifin panla ko ganyen ugu ko kirefish zata saya ta zuba a miya bata jiran kowa ya dawo. Ba ina cewa su basu da matsala ba, suna da ita, wata ko arba'in bata yi take komawa kasuwa da jariri a baya ana dura masa farin koko ba komai a ciki, dan hutun haihuwa na wata shida da gwamnatin Legas ta fara bayarwa a 2014 na ma'aikatanta ne, 'yar kasuwa da mai aikatau ba ruwansu da shi. Amma mace mai dan abin hannunta tukunyarta daban ce, wannan na gani da idona. Namu matan ma ai suna sana'a a cikin gida, awara, dan wake, kitso, dinki, sai dai kudin adashe ne na kayan dakin 'ya da anko da gudummawar biki, dan in bata yi ba gori zai kashe ta. Mai yin awara ta sayar kaf 'ya'yanta basu dandana ba, waken suya kuwa naman talaka ne. Nan mata kuma ku yi hakuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga kuma izini. Asibitin koyarwa na LUTH a tsakiyar Idi-Araba yake, unguwar da Hausawa suka fi shekara nawa a cikinta, kananan asibitocin gwamnati kuma kusan kowace unguwa akwai. Amma maigida ya fita tun karfe hudu na asuba da izinin a bakinsa da kudin motar a aljihunsa, wayarsa a kashe ko yana cikin hayaniyar gwanjo, yaro yana gudawa tun safe sai dare za'a yanke shawara. Ni yanzu nace mata ranar awo da ranar rigakafi da duk ranar da jikin yaro yayi zafi, kin samu izini har abada, ga kudin Keke a gwangwani kar a taba shi.

Wani gefen kuma kiba ce, dan ba ramammu kadai ke da matsala ba. Matan masu dan hali a cikinmu suna daki daya ba motsi, taliya, farar shinkafa, lemon kwalba, magi biyar a miya daya, ga masu shan kwayoyin sa kiba dan kar ace miji baya kula da su, sai hawan jini da ciwon suga tun ba'a kai arba'in ba. Mace tana iya zama da jiki kuma jininta a kasa.

Rokona ga malamanmu na masallatan Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, a taba wannan a huduba. Aya ta 233 a Suratul Bakara da tayi maganar shayarwa shekara biyu, a cikinta aka dora wa uban yaro ciyar da mai shayarwar da tufatar da ita. Muna jin rabin farko muna karanta wa mata, rabin da ya shafe mu muna wucewa da sauri. Addinin da ya sauke wa mai ciki da mai shayarwa azumi in suna tsoron cutuwa ba shine zai ce ta ci kanzo ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su ma suna tara mu in za'ayi zabe ko an samu rikici, to a tara mu a kan wannan ko sau daya. Ku kuma 'yan jarida duk shirin abinci mai gina jiki sai ku ce ina mata ku matso, alhali matar ta san zogale da wake suna da amfani tun kafin a haifi mai shirin, kudin ne ba'a hannunta yake ba. Ku same mu a teburin mai shayi, can ake cinye kwan.

Ni dai abinda na iya, kwai biyun nan na safe na daina ci a kasuwa, danye nake saye in taho da shi, daya nata daya na karamar. Ranar Juma'a hanta ko ta dari biyar ce. Duk abinda na sauke daga mota sai na ware na gida kafin in sayar, alayyahu da karas da dan lemu, dan ance lemun tsami da lemun zaki da gwaba suna taimaka wa jiki ya zuki ayon din da ke cikin wake da ganye, shayi kuma yana hanawa in aka sha shi tare da abinci, to ta koma shan nata da hantsi. Kokon yara ana zuba masa garin gyada da waken suya da dan kirefish. Kuma na ce a daina ware min kwano, faranti daya zamu ci ina gani. Abokai a majalisa sun sa min suna mijin tace, wani har cewa yayi Legas ta lalata ni na zama Bayarabe, nayi dariya kawai, dan ranar da ake neman leda biyu a asibiti ban ga ko daya daga cikinsu ya mika hannu an diba ba.

Ba wai an gama ba fa. Shekaranjiya na dawo a makare sun riga sun ci, ta ajiye min nawa a rufe, ina kai loma ta uku naji abu a karkashin tuwon, na tona, hantar da na sayo mata ce guda biyu ta binne min a ciki. Na kira ta nace wannan fa? Tace ita kunya take ji ta ci ni ban ci ba. Na tashi karamar daga barci muka raba su uku.

Na gode Malam Edita, Allah ya kara basira. Ga motar Jos can ta shigo, bari in je.

Naku,
wani dan kasuwar gwari,
Agege, Legas.